Ƙullin da Ba Inna Tani Ce Ta Ɗaura Ba

Inna Tani ta rasu ranar wata Talata a watan Nuwamba na shekarar 2023, bayan jinyar kwana tara. Ba 'yar'uwata ba ce, ba ta kuma haɗa dangi da mijina ba. Mai sayar da kayan yaji ce a bakin layinmu a Agege, tsakanin teburinta da ƙofar gidanmu taku ɗari da arba'in. Abin da ya sa nake rubutu a kanta shi ne, an yi wata bakwai ana cewa maganinta ne ya kashe 'yata Hanan. Ba haka ba ne, kuma na san ba haka ba ne tun ranar da aka fara faɗa.

A Agege aka haife ta. Mahaifinta mai ɗaurin goro ne a kusa da tasha, zamanin da ake loda huhuna a jirgi zuwa Arewa. Kano sau ɗaya ta taɓa zuwa, ta yi kwana goma ta dawo, ta ce mutanen can suna sa ta magana don su yi wa Hausarta dariya. Yarbanci kuwa ba ka raba ta da 'yan gari. Ta auri wani mahauci mai suna Zayyanu, ta haihu biyar, mata biyu suka rayu. Ya rasu tana da shekara talatin da 'yan kai, ba ta sake aure ba. Wata maƙwabciya ce ta samo mata aiki a Ilupeju, a gidan wani Ba'indiye manajan masaƙa, kullum da sassafe ta hau mota zuwa Oshodi, daga can ta ƙarasa. Shekara goma sha huɗu ta yi tana wannan zirga-zirga.

Da wanki ta fara, aka mayar da ita niƙa da daka, daga baya aka bar mata renon yara. A gidan akwai wata tsohuwa, mahaifiyar maigidan, wadda ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Inna Tani ta ce shekara goma sha huɗu ba su taɓa yin hira ba, amma babu wanda ya koya mata abu a duniya kamar matar nan. Da hannu suke magana. A wurinta ta fara ganin irin da ake kira ajwan.

Ƙananan 'ya'ya ne masu launin toka, ba su kai ƙwayar alkama ba, da ɗan zane a jikinsu. In aka murza su a tafi, ƙamshinsu kamar na tayim ɗin da muke zubawa a dafa-duka, sai dai ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. In aka tauna akwai zafi, akwai ɗaci, harshe ya ɗan mutu. Tsohuwar takan soya su ba mai a kan kasko, ta zuba a farin ƙyalle ta ƙulle, ta gwada ɗumin a kumatunta, sannan ta ɗora wa yaro a ciki in iska ta kumbura shi. In mura ce, a ajiye ƙullin kusa da matashi ya riƙa shaƙa. Mai jego a tafasa mata ɗan kaɗan ta sha. Babba in ya ci abinci ya zauna masa, ya tauna tsunkule ɗaya da gishiri.

Wata rana ƙaramin yaron gidan ya kwana yana kuka da ciki. Inna Tani ta ga ta riga ta iya, ta soya, ta ƙulle, ta ɗaga rigarsa za ta ɗora. Tsohuwar ta doke mata hannu har ƙullin ya faɗi. Ta kama yatsunta huɗu ta ɗora a cikin yaron, ta danna hagu, ta danna dama, ta saki da sauri, idonta a kan fuskar yaron. Sau uku ta maimaita. Sai da ta ga bai zabura ba ta ɗauki ƙullin ta miƙa mata. Inna Tani takan ce marin hannun nan shi ne duk takardar shaidarta.

Da aka rufe masaƙar, mutanen suka koma ƙasarsu, sai ta kafa tebur a gefen layin dogo: citta, kanumfari, kimba, masoro, hulba, tafarnuwa, barkono. Lokacin da aka tashi masu tebur don shimfiɗa sabon layi, ta dawo da shi ƙofar gidan da take haya, a bakin layinmu. Duk mai jego a unguwar ita ke daka mata yaji. Ajwan kuwa ba ya hawa kan tebur. A ƙarƙashi yake, cikin tsohon gwangwanin madara. Sau biyu a shekara take zuwa Ilupeju ta sayo. Babu mai kiran sa da sunansa, irin Tani ake cewa.

Ba ta sayar da shi ɗanye, ko nawa za ka ba ta. Manya sai dai su tauna a gabanta. Akwai wani mahauci, Audu, wanda duk bayan Babbar Sallah sai ya zo yana riƙe da ciki. Na taɓa tarar da su.

"Inna, ki auna mini na mako guda mana, in huta da zuwa."

"In ba ka na mako, ka cinye sa guda, matarka ta zo ta kama ni? Buɗe hannu, Sarkin Ci."

"Wannan ai ko kaza ta raina."

"Kaza ba ta cin ƙafar sa da sassafe. Tauna."

Na yara ya fi tsanani. Sai an kawo mata yaron, ko a kira ta gida. Ta murza tafukanta su yi ɗumi, ta kwantar da shi, ta danna hagu, ta danna dama, ta saki. In ya iya tafiya, ta sauke shi ta ce ya yi mata tsalle uku. Tsallen ba daga Ilupeju ta samo shi ba, wata nas Bayarbiya ce mai sayen citta a wurinta ta gaya mata cewa yaron da hanjinsa ya ruɓe ba ya yarda ya yi tsalle. Yara sun ɗauka wasa ne, don akwai ƙuli-ƙuli ga wanda ya yi. In yaro ya yi tsallensa yana dariya, ta soya ta ƙulle ta ɗora, ta zauna har ya huce, sannan ta ɗauki ƙullinta ta tafi da shi. Ba ta barin sa a gidan kowa. In kuwa yaro ya ƙi tsalle, ko ya zabura da ta saki hannu, ko jikinsa da zafi, ba ta ko buɗe gwangwani. Sai ta ce, "Wannan ba nawa ba ne," ta fita da kanta ta tare keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti. An ce ta taɓa tsayawa a ƙofar wani gida fiye da awa guda, ta ƙi tafiya, sai da uban ya fito da yaron.

Mata da yawa sun ce rowa ce, ba ta son kowa ya iya. Ni ma haka na ɗauka.

Na zo layin ina amarya a 2012. A jami'a a nan Legas na karanta kimiyyar sinadarai, ita kuma nake koyarwa a wata sakandare a Ikeja. Mijina, Abdulwahid, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Na haifi Hanan a ƙarshen 2013, ita kaɗai Allah ya ba mu. Tana jaririya ta yi fama da kumburin ciki, Inna Tani ta yi ta zuwa, har suka saba. Ƙawata Hanan take ce mata. Da Hanan ta fara makaranta, ba ta wuce teburin ba tare da ta yi tsalle uku ba, lafiyarta ƙalau, don dai a ba ta ƙuli-ƙuli. Inna Tani ta riƙa cewa yarinyar nan za ta karya mata jari.

Ni kuwa na shiga bincike. Na gano sunan irin a littafi, na gano sinadarin da ke ba shi wannan ƙamshin, shi ne dai na cikin tayim, na karanta abin da aka rubuta kan yadda yake saki iskar ciki. Wata rana da yamma na tsaya a teburinta na yi mata bayani duka, da jin daɗi, kamar wadda ta kawo mata tsaraba. Ta saurara har na gama tana tsince kimba. Sai ta ce, "To madalla, Malama. Littafin ya nuna miki inda ake dannawa?" Na yi dariya. Ita ma ta yi dariya.

Bayan 'yan watanni wani aiki ya kai ni Ilupeju. Na shiga wani kantin Indiyawa, ga shi nan a leda a kan kanta, an rubuta sunansa, da araha. Na sayi ɗaya na ajiye a bayan kwalaben yaji. Ban gaya wa kowa ba. Ba wai ɓoyewa na yi niyya ba, na dai san in Inna Tani ta ji ba za ta ji daɗi ba.

Ranar Laraba, goma ga Maris na 2021, Hanan ta dawo daga makaranta tana cewa cibiyarta na ciwo. Shekararta bakwai. Ta yi amai sau ɗaya, ta ƙi cin abinci. Lokacin agwaluma ne, na ga ƙwallayenta a aljihun jakarta, na ce ga dalili. Babanta yana Kano wurin ɗaurin auren ƙaninsa. Takardun jarrabawa ɗari da ashirin ne a gabana. Na tuna Inna Tani, na tuna za ta zo ta zauna awa guda, a yi gaisuwa, a kawo ruwa. Na ɗauko ledar, na soya a murfin tukunya, na zuba a hankicin babanta, na ɗaure da roba. Na gwada ɗumin a kumatuna kamar yadda na ga ana yi. Hanan ta ce da daɗi, ta yi barci.

Ranar Alhamis ciwon ya sauka ƙasa, wajen dama. Ta kwanta ta naɗe ƙafa. Na ba ta maganin zazzaɓi, na sake ɗumama ƙullin sau uku. Da azahar ta ce, "Mama, a kira ƙawata." Na ce sai da yamma. Kafin yamma ta ce ciwon ya tafi, har ta sha shayi. Na yi hamdala, na ce maganin ya yi aiki, babu dalilin tayar da tsohuwa. Daga baya likita ya gaya mini cewa sauƙin nan ba sauƙi ba ne. Ɗan guntun hanjin nan da ake kira afendiks ne ya kumbura, a wannan lokacin ne ya fashe, shi ya sa ciwon ya lafa na ɗan lokaci.

Ranar Juma'a da safe jikinta ya ɗauki zafi, cikinta ya ƙame kamar katako. Na goya ta, duk girmanta, na fita na tare keke. Mun wuce ta inda ake kafa teburin, Inna Tani ba ta fito ba tukuna. An yi wa Hanan aiki da yamma. Babanta ya iso ranar Asabar. Likitocin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin da zan ce a kansu. Ta rasu ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Ƙamshin ajwan bai bar ɗakin ba, ya kama labule da katifa, kuma babu mace a layin da ba ta san ƙamshin waye ba. Surukata, Hajiya Mariamu, ita ta shiga gyara gadon Hanan, ta ci karo da ƙullin a ƙarƙashin matashi. Ta fito da shi tsakar gida, cikin mata, ta tsaya a gabana.

"Ruƙayya, kwana nawa ana ɗora mata wannan?"

"Biyu," na ce.

"Tani ce?"

Ban amsa ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, kowa ya karanta abin da ya karanta. Hajiya ta ce Allah ya isa, a hankali, sau ɗaya. Kafin la'asar maganar ta kai ƙarshen layi.

Duk wanda ya tsaya ya yi tunani zai ga ramukan da ke cikinta. Inna Tani ba ta barin ƙulli a gidan kowa. Ba ta ɗaure da roba, ba ta amfani da hankici. Amma aka ce tsufa ne ya kama ta, ta fara mantuwa. Aka ce dama maganin baƙi ne, babu wanda ya san asalinsa. Wasu da ta taɓa tilasta wa zuwa asibiti suka tuna cewa dama matar tana da taurin kai.

Ta zo ranar sadakar uku. Da ta yi sallama a tsakar gidan, matan da ke kan tabarmar kusa da ƙofa suka janye ƙafafunsu ba su matsa mata ba. Ta durƙusa a gabana ta yi mini gaisuwa, ta yi wa Hanan addu'a, ta ce Allah ya sa mai ceto ce. Ƙullin yana kan taga inda Hajiya ta ajiye shi. Na ga ta dube shi, na ga hancinta ya motsa. Sannan ta dube ni. Ba ta daɗe ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nemi takalmanta, ta fita. Babu wanda ya raka ta.

Daga ranar aka daina kai mata yara. Uwaye suka hana 'ya'yansu tsalle a gaban teburin. Masu jego suka koma sayen yajin leda a kasuwa. Citta da barkono ma sai aka riƙa wuce ta a je gaba. Audu mahauci da wasu tsofaffi biyu ko uku ne kawai ba su fasa ba. 'Yarta da ke aure a Ojo ta zo ta ce ta tattara ta koma wurinta, ta ƙi. Kullum da hantsi ta fito da teburin, ta jera kayanta, ta zauna har magariba, ta mayar. Ba ta taɓa cewa kowa ba ita ba ce. Duk wannan daga baya na ji shi daki-daki, amma a lokacin ma na sani, don labari yana shigowa har ɗaki.

Ni kuwa na sauya hanya. Na riƙa bi ta bayan masallaci, in zaga ta wajen masu burodi, in fita titi, ƙarin minti goma sha biyu kullum. Ledar na zubar da ita a kwata tun daren farko. Na koma aiki bayan arba'in. Mutane suka daina ce mini Maman Hanan don kada su fama mini, aka koma Malama. Mijina bai taɓa ambaton sunan Inna Tani ba, amma na ga ranar da ya hango ta daga nesa ya tsallaka titi. Ina so in rubuta cewa baƙin ciki ne ya rufe mini baki. Na farko-farko wataƙila. Bayan haka tsoro ne. Ina tsoron mijina ya dube ni ya ga wadda ta zauna da takardun jarrabawa, 'yarsa na kiran a kira mata ƙawarta.

A watan Oktoba aka yi wani ruwa da ya cika hanyar bayan masallaci, babu wurin taka ƙafa. Dole na bi ta bakin layi. Na ja mayafi na ƙara sauri. Sai na ji an ce, "Maman Hanan."

Wata bakwai ban ji wannan sunan ba. Na tsaya.

Ta rame. Kayan teburin ba su kai rabin na da ba, cittar ta yamushe. Ta matsa mini a kan benci, ta ce in zauna ruwan ya ɗan tsagaita. Ta tambayi maigida, ta tambayi Hajiya, ta tambayi makaranta. Na amsa. Muka zauna muna kallon ruwa na zuba daga kwano.

"Kin sani," na ce.

"Tun daga ƙofa. Kin ƙona shi, wutar ta yi yawa. Ni ba na barin sa ya yi baƙi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"Ranar uku ce. Uwa na zaune a kan tabarma, 'yarta ba ta yi kwana huɗu a ƙasa ba. In tashi in ce me?"

Na ce bayan nan fa, ai an yi watanni. Ta ce bayan nan maganar ba tata ba ce, tawa ce. Na tambaye ta abin da ban iya tambayar likita ba, na ce da na kira ta ranar Laraba, da Hanan ta rayu? Ta ce wannan sanin na Allah ne, ita ba za ta yi mini ƙarya don in ji sanyi ba, ba kuma za ta ɗora mini abin da ba ta sani ba.

"Abin da na sani, da na ce ta yi mini tsalle. Shi ke nan abin da na iya."

Na yi kuka a kan bencin nan, ba ta hana ni ba, ba ta kuma rarrashe ni ba. Da na miƙe zan tafi ta ce ita ba ta ce in gaya wa kowa ba, ta tsufa, abin da za ta ci bai da yawa. Sai dai abu ɗaya ne ke hana ta sukuni. Ta nuna layin da haɓarta.

"Yaran nan duka, yanzu babu mai danna musu ciki."

Mijina na fara gaya wa, washegari bayan ya karya. Na faɗa masa a jere, daga kantin Ilupeju har zuwa abin da Hanan ta roƙa ranar Alhamis da azahar, ban rage komai ba. Ya saurara, ya ɗauki makullinsa ya tafi aiki. Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. A na huɗu ya ce shi ma da yana gida, da ya ga ƙullin ya sa ta barci, cewa zai yi a ƙara. Har yau ban sani ba ko gaskiyarsa ya faɗa ko tausayina ya ji. A ranar ya bi ta bakin layi, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe da Inna Tani, mutane na kallo.

Saura mata. Mako biyu bayan haka aka yi suna a gidan maƙwabciyarmu Kalsum. Kusan duk matan layin suna nan, har da Hajiya Mariamu. Aka kawo tuwo da yajin jego, wata ta ɗanɗana ta ce wannan yajin kasuwa gari ne kawai da barkono, ina ma na Tani. Wata ta ce gara rashin daɗi da a ɗauki gawa. Sai ta gan ni, ta kama bakinta, aka shiga ba ni haƙuri.

Na ajiye cokali. Ban tashi tsaye ba. Na ce Inna Tani ba ta taka gidanmu ba a makon nan. Ba ta ga Hanan ba, ba ta san ba ta da lafiya ba. Ni na sayo irin da kuɗina, ni na soya, ni na ɗaure a hankicin babanta, ban danna cikinta ba, ban sa ta tsalle ba, ta ce a kira Inna na ce sai da yamma. Na ce ranar da Hajiya ta tambaye ni na ji tambayar sarai, na yi shiru da gangan.

Jaririn ne kawai ke motsi a ɗakin. Hajiya Mariamu ta dube ni ta ce, "Kika bari na yi wa baiwar Allah Allah ya isa?" Na ce e. Ta wanke hannu, ta yafa mayafinta ta fita. Abin da suka faɗa wa juna ita da Inna Tani a bakin layi ban sani ba, babu wadda ta gaya mini a cikinsu. Na dai ga ta dawo da ƙullin masoro mai yawa, ita da likita ya hana cin yaji. Ni kuwa ta yi wata biyar ba ta shigo gidana ba.

Ba kowa ne ya koma ba. Wasu kunya ta hana su, wasu sun riga sun saba da wani wuri, wasu kuma suka ce ina rufa mata asiri ne don ina da kirki. Amma Kalsum ta aika aka sake daka mata yaji, kuma kafin ƙarshen shekara na ga wata yarinya tana tsalle a gaban teburin, uwarta na tsaye riƙe da jakar makaranta. Inna Tani ta yi shekara biyu bayan nan tana aikinta. A cikinsu, da sanina, ta ce "wannan ba nawa ba ne" sau huɗu, ta tare keke. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Na koma bi ta gabanta safe da yamma, kullum kuma Maman Hanan take ce mini, har ranar da na je duba ta tana kwance, ba ta iya ɗaga kai.

Gwangwanin yana wurin 'yarta a Ojo. Ta tambaye ni ko ina so, tunda ni ce mai ilimin abin. Na ce a'a.

Agege wuri ne da ake shigowa ana fita. A cikin watanni bakwai ɗin nan akwai waɗanda suka tashi daga layinmu, wasu Mile 12, wasu Alaba, wasu sun koma Arewa gaba ɗaya, kuma da labarin farko suka tafi. Bara a wani biki a Oshodi na ji wata mata da ba ta san ni ba tana ba da shi, har an ƙara masa cewa yara biyu ne. Na gyara mata, amma ba zan iya bin kowa gida ba. Saboda su na rubuta wannan. Duk wadda ta ji cewa wata tsohuwa mai kayan yaji a Agege ta kashe yarinya da maganin Indiya, sunan tsohuwar Tani matar Zayyanu, sunan yarinyar Hanan Abdulwahid, ni ce uwarta. Tani ba ta taɓa ɗora ƙulli a cikin da ba ta danna ba. Wanda aka samu a ƙarƙashin matashin 'yata, ni na ɗaura shi.